Iskar Bindigar Yayana

Shekarun baya, ina aji biyu a ƙaramar sakandare, na dawo daga makaranta wata Laraba, abin da na fara gani a zaurenmu shi ne takalman soja, manya, an cusa safa a ciki. Na san yayana ne ya zo hutu. Amma gidan shiru, sai ƙaurin habbatussauda da ake turarawa a kasko.

Ni ba mai tambaya ba ce. Ko a aji, in na san amsa, bencina nake faɗa wa. Don haka na zauna gefen murhu ina kasa kunne har na haɗa labarin. Da ya iso da safe, kakarmu ta kama hannunsa tana tsokanarsa, wai mijin nata ya tafi ya bar ta ba cefane. Sai ta ga yatsunsa na hagu sun yi baƙi, ga wani tabo a gefen babban yatsa kamar an barbaɗa masoro. Ta tambaye shi. Shi kuma a mota ya kwana, ya ce mata iskar bindiga ce, ya shige ɗaki ya kwanta.

A gidanmu in aka ce iska ta taɓa mutum, ba ta hadari ake nufi ba. Kafin ya farka, mahaifiyata ta ɗauke jakarsa, da kakinsa da katin shaidarsa a ciki, ta kulle a ɗakinta, ta ƙulle makullin a bakin zani. Ta aika garin Makoda a kira mai ruƙiya. Ta ce ba inda zai koma sai an raba shi da abin da ya kwaso. Shi kuwa ranar Juma'a hutunsa zai ƙare, kuma soja in bai koma a kan lokaci ba, sunansa wanda ya gudu.

Da ya ji abin da ake ciki dariya ya fara yi, dariyar kuwa ta ƙara tsorata su. Daga nan ya fusata.

"Inna, iska ce fa kawai. Kowace bindiga tana da ita."

"Kowacce?" in ji kakarmu, ta fara salati.

Da aka kawo masa tuwo, ni aka sa in zuba masa ruwan wanke hannu. Ina zubawa ina kallon kwanon, na ga ruwan yana sauka da duhu-duhu. Ƙarƙashin faratansa kuma sak irin nawa ranar da nake da wanke-wanke. Na daɗe ina juya maganar a baki kafin ta fito, can ƙasa-ƙasa.

"Yaya, wannan ai baƙin tukunya ne."

Ya dube ni, ya dubi kwanon. "Ashe kina magana, kurma? Jeki zaro min kara biyu a danga."

Ya ƙwaƙule totuwarsu, ya ɗora ƙarami a kan babba, ya kira Inna da Kaka. Ya ce babban shi ne bakin bindiga. Idan aka harba, hayaƙi mai zafi ne yake koro harsashi. Kusa da gaba akwai 'yar huda a sama, wani hayaƙin yakan bi ta nan ya shiga ƙaramin bututun, ya bugi kan wani sandan ƙarfe, fistin irin na injin ban ruwa. Sandan ya ja baya, ya fitar da kwanson harsashin da aka harba, ya ɗauko sabon harsashi. Ragowar hayaƙin kuma ya fice ta wasu ƙananan ramuka a gefen bututun. Ya ce shi ya sa baƙin yake taruwa can gaba, a kan fistin da cikin bututun, ya daskare sai an kankare, shi kuma jiya kafin ya miƙa bindigar ya taho ya zauna ya kankare tasa. Tabon kuwa, katakon da ake riƙewa ne ya tsage, sai ya zame hannunsa gaba, ya sauka daidai ramukan. A bariki da Turanci suke kiran hayaƙin, shi ne ya fassara wa Kaka da iska.

Mahaifiyata ta miƙe. Ta ɗebo toka a murhu, ta ɗauko soso, ta kama hannun ƙaton soja ta shiga dirza kamar na ɗan yaye, yana ta cewa a hankali. Baƙin ya fita, ƙunar ta rage. Ba ta saki hannun ba, ta tambaye shi wa ya harba ranar da ya ƙone. Ya ce allo ne, a filin koyon harbi. Sai a lokacin na ga kafaɗunta sun sauka, ta kwance bakin zaninta ta ciro makullin.

Mai ruƙiya ya iso bayan la'asar, ya tarar an gama. Ya sha fura, ya yi wa yayana addu'a, Kaka ta ce gara da aka yi, don ita har yanzu ba ta yarda da abin da yake numfashi ta gefe ba.

Har yau in na tuna, wani sanyi nake ji a raina. Ban iya komai game da bindiga ba sai abin da na gani a jikin kara, amma na gane cewa mutum biyu za su iya wuni suna faɗin kalma ɗaya, kowa da abin da yake ji. Na kuma gane tambayar da Inna take son yi tun safe ita ce ta ƙarshen nan, ta rasa ta inda za ta ɓullo mata.

Ranar Juma'a na raka shi bakin titi ina riƙe da jakarsa. Da motar Kano ta tsaya, na ja hannun rigarsa.

"Yaya, don Allah kana isa ka sa a sake maka katakon nan."