Shekarar da Wuƙaƙen Baba Suka Ƙi Dawowa

Ranar jajiberin Babbar Sallah ta shekarar da nake aji biyar a firamare, ruwan sama ya yi ta zuba a Unguwar Shanu har lambatun ƙofar gidanmu ya tumbatsa, raguna kuma na ta kuka a jikin kowace falwaya. Ina tsugune a rumfar ƙirar mahaifina, Malam Tanimu, hannuna a kan zuga-zugi ina jiran ya ce in hura wuta, amma bai ce ba. A da, a irin wannan rana sai an yi turereniya kafin mutum ya samu wurin tsayawa a rumfar nan. Ran nan kuwa babu kowa a bencin sai kazar maƙwabta da ta fake wa yayyafi. A tsallaken titi wani mai baro ya baje wuƙaƙen kanti masu ƙyalli da ƙotar roba, jama'a sun yanyame shi. Da idona na ga mutanen da Baba ya sani tun suna samari suna saye, su cusa a aljihu, su bi ta ɗaya lungun don kada su wuce ta gabanmu. Haushi ya kama ni, na ji kamar in tsallaka in kifar da baron a cikin taɓo.

Muna nan zaune sai ga Kawu Audu, ƙanin Innarmu, wanda ke tuƙa wani babban ma'aikaci a Unguwar Rimi. Bayan sun gaisa ya ce maigidansa na neman mutum mai amana da zai riƙe masa ƙofar gida, kuma ya riga ya ambaci sunan Baba. Ya ce aikin ba wahala, zama ne a inuwa da buɗe get, ba kamar wannan wutar da ke cin ido ba. Baba ya daɗe yana juya awartaki a hannunsa kafin ya amsa. "Bari mu ga bayan sallah, Audu. In wuƙaƙena sun dawo, ina nan. In Juma'a ta wuce ba su dawo ba, ka ce masa ina zuwa." Ni kuwa na san Baba ba ya magana biyu.

Sai na yi bayanin wannan dawowa, domin ita ce ta bambanta Baba da sauran maƙera. Ƙarfen sifirin na tsofaffin manyan motoci yake samowa wurin kanikawan Kawo, ya gasa shi har ya yi jawur, ya yi ta dukansa da masaba a kan uwar maƙera, ya tsoma a baƙin mai, ya sake ɗumama shi kaɗan don kada ya yi tsauri ya karye. Ƙota kuwa da ƙahon sa yake yi, wanda mahauta ke ajiye masa a kwata. Amma duk kyawun wuƙa ba ya sa mata alamarsa ranar da ya sayar. Sai ya ce wa mai saye ya je ya yi aikin layya da ita, yanka da fiɗa da daddatsa nama, sannan ya dawo da ita. In ya duba bakinta bai ga giɓi ba, bai ga ta lanƙwashe ba, sai ya huda ƙotar ya buga mata ƙaramar ƙusar tagulla. In ta gaza, ya karɓe ya ba da wata. Idan aka yi masa ƙorafin wannan zirga-zirga sai ya ce, "Ai ban san ta ba tukuna, sai ta yi aiki ta dawo." Duk sallar da ta sake dawowa lafiya, ya wasa ta ya ƙara mata ƙusa. Shi ya sa a unguwarmu da Badarawa ake alfahari da wuƙa mai ƙusoshi da yawa, har a wurin rabon gado akan ambace ta da sunanta.

Ni ce 'yar zugarsa, domin mata ne mu a gidan, ƙanenmu Sadisu kuwa yana goye a lokacin. Da na dawo daga boko na jefar da jaka, in ɗebo wa Inna ruwa a rijiyar tsakar gida, in share gindin gwaibar da muke rigima da 'ya'yan sauran 'yan haya a kanta, sai rumfa kafin lokacin allo. Ƙawayena na can suna carafke da gaɗa a ƙofar gida, ni ina nan da baƙin gawayi har a hanci. A makaranta suna tsokanata wai 'yar maƙeri mai warin hayaƙi, ni kuma bakina bai mutu ba, nakan ce da wuƙar ubana aka yanka ragon sunan kowacce a cikinsu. Gaskiya ina son rumfar nan fiye da wasan. Ina son yadda tartsatsi ke tashi, da yadda Baba ke karkata kai yana sauraren ƙarar ƙarfe kamar mai sauraren gaisuwa daga nesa. Ban iya kwatanta shi zaune a kujerar roba yana buɗe wa mota ƙofa ba.

Aka yi sallah, muka yanka 'yar tunkiyar da Inna ta yi wata da watanni tana turkawa da dusa da ɓawon wake. Unguwa ta cika da ƙamshin suya. Baba ya share rumfa, ya yanyanka tagullarsa ƙanana ya zuba a gwangwanin madara, ya zauna jira. Mahauci ɗaya ne ya zo, shi ma tsoho ne da ya kusa barin sana'a. Bayansa shiru. Baba bai yi ƙorafi ba, amma na ga ya fara goge kayan aikinsa da mai yana naɗewa a buhu ɗaya bayan ɗaya, har ya ce wa Inna ta wanke masa kaftaninsa mai ruwan toka. A ransa ya riga ya yanke cewa mutane sun gwada na kanti sun ga sun fi nasa, kuma kunya ce ta hana su faɗa masa.

Ranar Alhamis Inna ta ɗora min tire da ragowar soye, ta ce in kai wa ƙawayenta da rabo bai kai gare su ba. Gidan farko na Hajiya Yalwa ne, wata dattijuwa da duk layinmu ke shakkar bakinta. Na yi sallama na shige har tsakar gida, kamar yadda kowace yarinya ke shiga kowane gida a lokacin. Na tarar da ita a kan tabarma tana yanka kuɓewa, wuƙar hannunta kuwa ko a mafarki na san ta, ƙotar ƙaho da tagulla a jere. A gefen murhu ga wata ta kanti an yar, bakinta ya lanƙwashe, ƙotar ta narke. Na tsaya sororo da tire a ka. Na ce, "Hajiya, ashe tana nan? Me ya sa ba a kai wa Baba ba?"

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce wa zai kai, wato ta ba mazan gidan su fita da ita? Ta ce tun da aka gane wuƙar Malam Tanimu ba ta dakushewa, duk wanda ya ara a ranar layya ba ya mayarwa, ta ƙanwarta ma haka ta bi hannu ta ɓace. Don haka ita tata a ƙasan kwalla take kwana, ƙarƙashin zannuwan da ba ta ɗaurawa sai biki. Da ɗanta ya gaji da roƙo, shi ne ya je ya sayo waccan ta kanti, ga ta nan ko kwana uku ba ta yi ba. Ta ƙara da cewa in shiga duk gidan da na ga dama a layin nan, haka zan tarar.

Sai kawai na fashe da kuka. Na gaya mata zancen Kawu Audu da kayan aikin da ake naɗewa a buhu, da cewa gobe Juma'a. Hajiya Yalwa ta ajiye kuɓewa, ta yi salati a hankali. "Maza dai ba su iya kai labari ba," in ji ta. "Share hawayenki, Dije, ɗauko min mayafina."

Ranar na ga abin da Baba ba zai taɓa gani ba ko da ya shekara ɗari a rumfarsa, domin iyakarsa zaure. Gida gida muka bi, Hajiya na gaba tana ɗingishi ina biye da tire. Wata ta zaro tata daga ƙarƙashin katifa, wata daga cikin tukunyar da ba a girki da ita, wata sai da ta kori yara ta rufe ƙofa kafin ta buɗe akwati. Ba wadda ta bayar cikin daɗin rai. Kowacce sai ta yago ƙyallen tsohon zane ta ɗaure a ƙotar don kada a musanya mata, ta ja min kunne cewa kafin magariba take son abinta, in ba haka ba har gida za ta biyo ni. Wata amarya a Badarawa ta ce tata kakarta ce ta sa mata a cikin kayan ɗaki, kuma ta fi son ta a kan gadon da aka yi mata. Kafin la'asar tiren da na fito da shi da nama ya yi nauyin da sai da na yi gammo.

Na tarar da Baba shi kaɗai yana ɗaure bakin buhu. Na sauke tiren a gabansa na yaye ƙyallen da na rufa, na ce masu su kafin magariba suke son abinsu. Ya dubi tiren, ya dube ni, ya zauna a hankali. Ya riƙa ɗaukarsu ɗaya ɗaya yana gwada bakinsu a farcen babban yatsansa, yana faɗin gidan da kowacce ta fito ba tare da ya kula da ƙyallayen ba. Can ƙasa ya ci karo da wata da wasawa ta cinye har ta zama siririya kamar ganyen rake. Wannan ba shi ya ƙera ta ba, mahaifinsa ne, shi dai yana yaro ya hura mata wuta. Ya daɗe yana riƙe da ita. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba, ran nan ma ban gani ba. Da ya gama ya jawo buhun ya kwance igiyar da ya ɗaure. "Tashi ki hura min wuta, Dije," ya ce. "Kin ce kafin magariba suke so."

Duk cikinsu guda biyu kacal ya samu da giɓi, ya ce a gaya wa masu su zai musanya. Suka aiko cewa ba su yarda ba, ya gyara musu nasu dai. Washegari da Kawu Audu ya biyo bayan masallaci, Baba ya yi masa godiya sosai, ya ce ya ba maigidansa haƙuri. Daga nan kuma aiki ya canza fuska. Da ma manyan wuƙaƙen yanka Baba ya fi ƙerawa, da yake maza ne ke zuwa saye. Yanzu saƙo ya fara fitowa daga cikin gidaje ta bakina: wannan tana son ƙarama ta albasa, waccan tana son mai lanƙwasa ta feraye doya, wata za ta aurar da 'ya tana son guda uku a kube ɗaya. Na zama 'yar aiken ƙira ta unguwa guda, kuma na yi ta yanga da muƙamin har na shiga sakandare. Ba mu yi arziki ba, amma wutar rumfar ba ta sake kwana biyu a mace ba.

Yau Sadisu ne ke riƙe da wurin. Inji ne ke hura masa wuta in an kawo lantarki, ya kuma ci gaba da buga tagulla yadda ya tarar. Abin da ke ba ni dariya shi ne masu motoci da ke zuwa daga nesa suna cigiyar tsofaffin na Baba, suna lissafa ƙusoshi, suna duba ƙahon a rana. Na ji akwai wanda ya jera su a akwatin gilashi a falonsa, ko albasa ba ya bari su taɓa. Matan unguwarmu dai ba sa sayarwa, sai dai su nuna maka daga nesa su mayar ƙasan kwalla. Gidajen ne suka canza. An ɗaga katangu, an sa ƙofofin ƙarfe, yarinya ba ta shiga gidan da ba a kira ta ba, kuma nakan yi kewar lokacin da na san tsakar gidan kowa da inda kowace uwa ke ɓoye abin da take ji da shi. Duk da haka saƙon mata bai daina isa rumfar ba, ta waya yake zuwa yanzu, da hoton wuƙa a kan tabarma da gargaɗin kada a musanya. Baba ya ga farkon wannan kafin ƙarfinsa ya ƙare, yana zaune a bencin yana gyara wa ɗansa riƙon masaba. Allah ya karɓi ransa yana maƙeri, kamar yadda ya so.