Na Je Zariya Ɗauko Littattafan Baba Injiniya

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, ni da yayata da mijinta, shi ke tuƙi. Asabar ce, garin ya sha ruwa, titi sai ƙyalli yake. A bayan mota na jera kwalaye huɗu da na roƙo a shagon maƙwabcinmu, babu komai a cikinsu. Yaya ta leƙa ta ce ita dai ba ta taɓa ganin wanda ya ƙona mai don ɗauko tsofaffin takardu ba. Ita barkar haihuwa za ta Tudun Wada, ni kuwa cikin birni na nufa.

Waɗanda suka daɗe suna bibiyata sun san ni malamar kimiyya ce a sakandare, sun kuma san irin littattafan da nake so: labaran yaƙi na zamanin da bai zo ba, inda soja ke shiga cikin sulke mai inji. Riga ce ta ƙarfe da ke rufe mutum daga kai har ƙafa, ta ba shi iskar shaƙa, ta ninka masa ƙarfi har ya ɗaga mota ko ya tsallake bene. Wanda ya koya mini karanta su aminin mahaifinmu ne, kowa Baba Injiniya yake ce masa. Aikin ruwan famfo ya yi har ya ajiye aiki. Tun yana saurayi aka tura shi kwas ƙasar waje, a can ya fara sayen irin waɗannan littattafai, da ya dawo kuma ya ci gaba da tsintar su wurin masu gwanjo. Lokacin da nake karatu a Zariya, duk Lahadi ina gidansa a Limancin Kona. In mayar da ɗaya, in ɗauki ɗaya, sai ya yi mini tambayoyi kamar mai jarrabawa.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, Baba ya rubuta nasa, da Hausa, da hannunsa, a manyan littattafan rubutu na 'yan makaranta guda goma sha ɗaya. Labarin wani saje ne da 'yan rundunarsa, 'yan ƙasar nan, da aka tura gadin rijiyoyi a wata duniya mai tsananin zafi. Shi bai ce sulke mai inji ba, sulke mai rai ya sa masa. Kuma da yake ma'aikacin ruwa ne, sojojinsa ba harsashi ya fi damun su ba, ƙishirwa ce, da zufa, da bututun da ya toshe. Akwai babi guda sukutum a kan yadda za su yi taimama alhali hannuwansu na cikin ƙarfe. Ban taɓa ganin wannan a littafin kowa ba. Bara ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, matarsa Hajiya ta sanar da ni cewa ya ce in zo in kwashe komai, na Turancin da nasa.

Hanya ta yi mana kyau. Daga Kura zuwa gaba shinkafa ta yi kore shar, masara ta fi mutum tsawo. A Kwanar Dangora muka sayi gasasshiyar masara, da Yaya ta ji kuɗin ta tambayi mai gashin ko daga Makka ya kawo irin. A Tashar Yari muka tsaya shan shayi. Mai shayin ya soya mana ƙwai da albasa mai yawa, biredin na jiya ne amma ya rantse na yau ne, muka ci muka yi shiru don yunwa. Manyan motoci ne kawai suka riƙe mu kusa da gari, ga ɗanyen kwalta ga taɓo. Kafin ƙarfe tara mun wuce Kwangila.

Mijin Yaya ya ajiye mota a gidan barka, don lungunan cikin birni ba na mota ba ne. Yaya ta ce za ta raka ni ta gaida Baba, minti goma ta fito. Muka tari keke napep, muka cusa kwalaye, muka shiga ta Ƙofar Doka. Birnin na nan yadda na san shi, sai dai siminti ya ƙara cin katangun ƙasa. Masu ɗinkin babbar riga na zaune a zaure da allura, ana jin karatu daga wani gida, ƙamshin waina daga wani.

Tun daga bakin ƙofa na ga gaban gidan ya canja. Ɗakin karatun Baba yana jikin zaure ne, tagarsa na kallon hanya. Yanzu an fasa bangon an sa ƙofar ƙarfe, an shafa shuɗin fenti, ga firiji ga katan-katan na lemo. Ɗakin ya zama shago.

Hajiya ta karɓe mu da fara'a, amma idonta bai yarda ya haɗu da nawa ba. Bayan gaisuwa ta ce Baba na barci, ta aika a kira babban ɗansu. Ya girme ni, Yaya nake ce masa tun da. Ya shigo da makullan shago a hannu.

"Ai kin makara," ya ce. "Sati uku ke nan da na gyara ɗakin. Littattafan addini na kai su ciki, na aikin injiniya na ba wani ɗalibi. Sauran tarkacen na kira mai sayen takardu ya kwashe."

"Wane tarkace, Yaya?"

"Waɗannan na tatsuniyar Turawa mana. Masu hoton dodannin ƙarfe a bango. Abin da ko yara ba sa karantawa."

"Har da rubutun hannunsa?"

"Duk a buhu ɗaya suke."

Na ce mutumin na raye fa, yana ɗakin can, an tambaye shi? Ya ce wanda ko magana ba ya iyawa sosai, me za a tambaye shi? Ya ce magani ake saye duk wata, gashin ƙashi ake kai shi, kuma daga shagon nan abin ke fitowa, ba daga labarin sojan ƙarfe ba. Wannan gaskiya ce, ban musa ba. Shi ke ɗawainiya da mahaifinsa, ni baƙuwar yini ɗaya ce. Amma shago bai hana a sa buhu ɗaya ƙarƙashin gado ba. Gidan na da ɗakin ajiya cike da tsofaffin tukwane da karyayyun kujeru, ba wanda ya ce musu tarkace. Abin da ya ƙona mini rai ke nan. Ba wuri ne ya yi ƙaranci ba, raini ne. Shekara talatin mutum yana zama bayan la'asar yana rubutu a gaban idonsu, ba a samu ko ɗaya cikin 'ya'yansa da ya buɗe shafi guda ya ga me tsohon ke faɗi ba.

Yaya, wadda ta yi ta yi mini dariya tun daga Kano, ita ce ta miƙe ta gyara mayafi.

"Ina mai takardun yake zama?"

Ya ce a kasuwar birni, ta wajen masu hatsi. Barka ta tashi daga lissafi.

Mai takardun dattijo ne mai fara'a, rumfarsa cike da tsofaffin jaridu da takardun jarrabawa, ga sikeli a rataye. Ya tuna da kayan sarai, don a cewarsa bai taɓa sayen haja marar albarka irinta ba. Shafukan sun yi ƙanƙanta, masu tsire sun ƙi su, sai masu gyaɗa da masu ƙulla yaji suka ɗan rage masa. Ya jawo wani buhu daga ƙarƙashin tebur ya zazzage. Littattafan Baba ne, amma an yage bangon kowanne, wasu an raba su biyu. Na ɗauki ɗaya na gane shi tun daga layin farko. Shi ne na farko da ya taɓa ba ni aro, ga ƙananan rubutunsa da fensir a gefe, inda yake gardama da marubucin cewa batir mai wannan girman ba zai ɗauki nauyin sulken ba. Daga abin da ya cika kanta uku, goma sha tara na samu masu ɗan sauran mutunci.

Na tambaye shi littattafan rubutu masu rubutun hannu. Ya ce su kam sun yi kasuwa, takardarsu na da faɗi kuma tana shan mai. Biyu suka rage masa. Sauran wata mai awara ce ta kwashe, tana suya a bakin hanyar da ke zuwa Babban Dodo. Yaya ta tsaya ciniki a kan buhun kamar atamfa take saye, har dattijon ya ce Hajiya ai ba zinari ba ne. Ta ce da ya san haka da bai tsawwala ba.

Mun sami mai awarar da rana ta take, layin mutane a gabanta. Ina isa na ga tana yago shafi daga littafin da ke kan cinyarta, ta naɗe awara da yaji ta miƙa wa wani mai babur. Rubutun Baba ne, shuɗin biro, haruffansa masu karkata. Na ce wa mai babur ɗin don Allah ya ba ni takardar. Ya dube ni kamar wadda ta zautu, ya juye awararsa a leda ya miƙo mini. Mai ya riga ya ratsa ta, amma ana iya karantawa. Wurin da sajen ke ce wa yaransa kada wanda ya buɗe hular ƙarfensa komai zafi.

Da na yi wa matar bayani, sai ta ajiye matsami ta riƙe baki.

"Wallahi 'yar'uwa ban sani ba. Na ɗauka aikin makarantar yara ne. Ashe littafi ne? Na mutum mai rai?"

Ta jawo jakarta ta fito da cikakke guda ɗaya da rabin wanda take yaga. Sauran sun tafi cikin sati ukun nan, an ci awara an yar a kwata. Ta ƙi karɓar ko sisi, sai da Yaya ta sayo mata damin jarida a madadin. Ta kuma cika mana leda da awara mai zafi, kuma gaskiya ban taɓa cin mai daɗinta ba, abin da ya ƙara ba ni haushi. Matar da ba ta san shi ba ta ji kunyar abin, ɗan cikinsa bai ji ba.

Da muka koma gidan Baba ya farka, an jingina shi da matashi. Ya rame, bakinsa ya karkace, amma idonsa na nan da kaifinsa. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye abin da na samo a gabansa: na biyu, na biyar, na shida, da rabin na tara. Ya sa hannunsa mai lafiya ya shafa su ɗaya bayan ɗaya. Ashe ya san komai. Yana jin lokacin da ake jan buhun a tsakar gida, ya yi ta kira ba a gane me yake cewa ba.

Maganarsa a hankali take fita, sai Hajiya ta riƙa maimaita mini.

"Ya ce tun bara yake jiran ki. Sau uku yana sa ni in kira."

Sau ukun nan duk na ɗauki wayar, duk na ce in sha Allahu hutu mai zuwa. Tafiyar awa uku ce.

Na kunna abin ɗaukar murya a wayata na ce Baba, a ba ni abin da ya ɓata, ko a taƙaice. Ya yi ƙoƙari. Ya ba ni farkon labarin da sunayen sojojin, ya ba ni yadda aka yi rijiya ta uku ta ƙafe. Ya kai kusan rabin awa, yana yi yana hutawa. Da na tambaye shi ƙarshe, ko sajen ya dawo gida, sai ya ƙura wa rufi ido. Ya daɗe. Sannan ya faɗi abin da ban buƙaci Hajiya ta maimaita ba.

"Na manta."

Hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye, Hajiya ta goge masa da bakin mayafinta. Babban ɗan yana tsaye a bakin ƙofa.

Bayan la'asar muka kama hanya. Yaya ta leƙa gidan barka a tsaitsaye, aka yi mata ƙorafi ta ce a yi haƙuri, aiki ya taso. Ruwa ya tare mu daga Tashar Yari har Kura, mijinta na ta tambayar me ya sa motar ke warin man gyaɗa, ba wadda ta kula shi. Ana kiran magariba muka shiga Kano.

Har yanzu raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba. Ina jin haushin yadda muke ɗaukar duk littafin da ba na makaranta ba, ba na addini ba, a matsayin shirme, har mu auna tunanin mutum na shekara talatin a sikeli. Ina jin haushin cewa an yi mai rubuta irin wannan labari da Hausa a cikin Zariya, alhali mutane na ta cewa babu, kuma aka naɗe yaji da shi. Amma kowa na zaga na tsine wa, sai in dawo kaina. Ɗansa bai san darajar abin ba. Ni na sani, kuma ni ce na yi shekara guda ina cewa gobe.

Na fara buga abin da ya tsira a kwamfuta, ina barin fili a duk inda shafi ya ɓata. Filin ya fi rubutun yawa. In kuna da wani tsoho da ya taɓa ce muku ku zo ku ga wani abu da ya ajiye, kada ku jira hutu. Ku shiga mota wannan Asabar ɗin.