Ƙwallayen Dabinon Goggo Salamata

Kullum da hantsi, idan rana ta faɗo tsakar gidanta, Goggo Salamata takan fito da farin yadi ta ɗaga shi tsakaninta da rana. Takan daɗe tana kallo, ta ja shi ta gefe biyu, ta kai shi hanci. Masu wucewa ta ƙofar sukan rage murya, don sun san na wani ne a cikinsu, sunan ne dai ba a faɗa ba tukuna. Shekara talatin da ɗaya ita ke wanke matan Zongon Wagadugu idan sun cika, kuma a ɗakinta ake ajiye alawayyon likkafani na jama'ar masallaci, na maza da na mata. Bana ta ce idonta ya gaji, za ta sauka.

Ƙarƙashin gadonta akwai ƙananan tukwane uku, kowacce ta ɗan kasuwa guda cikin masu kawo mata yadi. Goggo ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko, ba ta rubutu. Da ƙwallon dabino take aiki. Duk wanda ya kawo bandir, sai ta duba. In ya kawo ranar da ya ce, ƙwallo biyar cikin tukunyarsa. In yadin na da kauri, rana ba ta ratsa shi, uku. In kamu ya cika, biyu. In da sauƙin kuɗi, ɗaya tak. Bayan Sallar Layya a juye tukwanen gaban dattawa. Mai nauyi ya ci gaba, wanda tasa ta fi rashin nauyi a sallame shi.

Malam Rilwanu, na'ibin liman, ya taɓa yi mata tsiya a kan haka. "Hajiya, duk Wagadugu araha ake nema, ke kin ba ta ƙwallo ɗaya kamar sadaka?"

Ta ce, "Malam, kai in an cuce ka a shadda, gobe ka koma butik ɗin da ka saya ka yi faɗa. Masu sa wannan kaya, ka taɓa ganin wanda ya dawo ya ce ya yi masa gajarta? To ni ce bakinsu."



Shekarar da babbar kasuwa ta ƙone, ita ce kuma shekarar da aikin gwamnati na sabunta birni, ZACA, ya tashi unguwannin tsakiyar gari, mutanen Zongo suka watsu. Cikin waɗanda aka rushe wa butik a Koulouba har da Zailani, ɗan ƙanenta, wanda ta goya da bayanta. Ga mata da 'ya'ya huɗu, ba abin da ya rage masa sai wannan ciniki na likkafani. Yadinsa ya fi na kowa araha. Sai dai shara-shara ne, kuma alhamis ɗin Zailani kan zama litinin.

A bazarar da ta biyo baya yadi ya ƙare a ɗaki, layinsa ne, ya ce alhamis. Asabar da safe Maijidda mai koko ta cika. Aka yi mata wanka, aka kira shi ta wayar portabul. Ya ce ga shi bisa hanya. Aka sake kira, ya ce ga shi a kwanar masallaci. Saboda wannan "ga ni nan" ba wanda ya aika wani wuri.

Ramatu, wadda ke zuba wa Goggo ruwa wajen wanka, ita ta ga abin da ya faru, kuma har yau in tana faɗa sai ta duba bayanta. Ta ce Goggo ta rufe idon Maijidda da kanta tun safe. Wajen azahar suka ɗaga zanen da aka lulluɓe ta da shi, sai ga idon a buɗe, yana kallon ƙofa. Goggo ta shafe shi. Ba iska a ɗakin, ko ƙuda babu, duk da zafin nan mai narka kwalta. Suka ɗan jima suka duba, ya sake buɗewa, ƙofar dai yake kallo. Sau uku. Goggo ta sunkuya ta ce mata a hankali, kamar mai lallashin baƙuwa, "Yi haƙuri, Maijidda, kayanki na tafe. Laifina ne."

Sai bayan la'asar mobiletin Zailani, ɗan babur ɗinsa, ya tsaya a ƙofa. Ramatu ta rantse ƙarar injin na mutuwa, idon ya rufe, ba wanda ya taɓa shi.

Da Layya ta zo aka juye tukwane bisa tabarma. Ta Issa, ɗan Nijar ɗin nan tsohon direban kamiyon ɗaukar kaya, mai yadi da tsada, ta yi tsibi. Ta Zailani ba ta cika tafin hannu biyu ba. Dattawa suka yi ta kallon ƙasa. Malam Rilwanu ya ce ɗan gida ne, kuma kowa ya san halin da yake ciki, a ƙara masa shekara.

Zailani ya durƙusa. "Goggo, ke kika goya ni. Kan 'ya'yan dabino za ki hana 'ya'yana tuwo?"

Hawaye na zubo mata, amma ta kife tukunyar. "Tuwon 'ya'yanka ka aiko su gidana su ci. Wannan ba nawa ba ne da zan ba ka."

Shekara biyu bai gaishe ta ba. 'Ya'yan kuwa sun ci tuwon, kullum. Ita ma ba ta fasa tukunyar ba, tana nan a kife ƙarƙashin gado.

Goggo, ke ce kika tsaya wa waɗanda ba su da baki. Ke ce kika auna ɗanki da mudun da kika auna baƙo. Tun daga ranar nan ba gawar da ta sake jiran tufafinta a cikin jama'armu, ko ta waɗanda aikin ZACA ya mayar can gefen gari.

Watan jiya, da aka ji za ta sauka, sai ga Zailani da hantsi, ba wanda ya aika masa. Yanzu yana da ɗan teburin yadi a Kamsaoghin. Ya ajiye ƙunshi gabanta, ya kasa ɗaga kai. Ƙyalle biyar ne, yadda ake yanka wa mace, daidai tsawon Goggo.

Ta ɗaga ɗaya sama. Rana ba ta ratsa ba. Ta auna da kamunta, ya cika. Ta sa Ramatu, wadda za ta gaje ta, ta jawo tukunyar nan ta buɗe ta. Aka ji ƙwallaye suna faɗawa ɗaya bayan ɗaya, uku, sannan biyu. Ta ɗan dakata, ta ƙirga biyar.

"Wannan karon ka zo da wuri, ɗan nan," ta ce tana dariya. "Ban ma shirya ba."

Mun gode, Goggo Salamata. Allah Ya sa ƙunshin nan ya daɗe ƙarƙashin gado. Mu kuma da muka rage, duk wanda aka ba shi saye a madadin wasu, na masallaci ne ko na marayu ko na marasa lafiya, ya nemi tukwanensa, ya san abin da zai ba biyar da abin da zai ba ɗaya. Akwai masu jira da ba za su iya kiran kowa ba, ƙofa kawai suke kallo.