Awon Hauyar Kawu Balarabe

Kawu Balarabe, ƙanin mahaifiyata, ya shekara arba'in yana ƙera wa manoman albasa hauya a Fagada. Da ƙarfinsa ya fara ƙarewa, sai na tsorata kada sana'ar ta tafi tare da shi. Ni mai takardar sakandare, na ɗauki rula na auna hauyoyinsa ashirin, na fitar da awo guda, na ba ɗansa Hafizu ya ƙera. Duk wanda ya saya sai ya dawo da ita, yana kukan ciwon baya.

Kawu ya yi dariya har da tari. "Ɗiyata, ban taɓa awon ƙarfe ba. Mai hauyar nike sa ya duƙa, in dube shi."

Tun daga ranar, Hafizu ke zama gefensa yana koyon kallon. Ni kuwa aka roƙe ni in tsaya ga kawo musu fura.