Ƙafar Aro

Duk faɗin Matameye, daga bakin kasuwa har hanyar Dungu, ba a taɓa yin yaro mai ƙarfin ƙafa irina ba. Ranar wata Alhamis bayan kakar 1957 na taka keken ɗinkin Malam Habu tela har kajin unguwa suka watse, tsohuwa mai tuyar ƙosai ta ɗauka motar gyaɗa ce ta kutso rumfa. Ina tsaye daga gefe, ƙafa ɗaya bisa matakin keken, gumi na zuba. Idi kuwa yana zaune kan buhu biyu da aka ɗora a benci, yana tura ƙyalle ƙarƙashin allura.

Idi shi ne babba a ajinmu na ƙarshe a lakwal. Shan inna ya shanye masa ƙafafu tun yana goye, don haka da hannu yake tafiya, tafukansa cikin wasu takalman itace da babansa ya sassaƙa masa. In muna langa shi ke riƙe mana riguna, in an tafi roron gyaɗa shi ke jiran shanya yana korar awaki da tsakuwa, kuma ba ya kuskure. Lissafi kuwa, kafin Mushe, malaminmu, ya ajiye alli ya riga ya ba da amsa. Amma Mushe da bakinsa ya gaya wa uban cewa ko yaron ya ci satifika, babu biro, wato ofis, da zai ɗauki gurgu. Kowa ya san abin da ke jiran irinsa in ya bar lakwal ba sana'a: gindin tsamiyar nan inda guragun gari ke jeruwa ranar kasuwa suna miƙa hannu. Shi ya sa Mushe ya roƙi Malam Habu ya riƙa koya masa ɗinki duk Alhamis, ranar da ba karatu.

Keken na ƙafa ne. A lungu, bisa wani akwati, akwai tsohon keken hannu da ya yi tsatsa, kuma tun ranar farko shi Idi ya nuna. Na kwashe da dariya, na ce kafin wannan ya gama wando ɗaya ai mai wandon ya yi jikoki, ga ni nan, me za a yi da ƙarfen banza. Malam Habu ya ce "hannu da yawa maganin ƙazamar miya", Mushe ya shafa kaina ya ce haka ake zumunci. Idi ya ƙara duban lungun sau ɗaya, ya jawo ƙyalle. Wata takwas muna haka, har muka zama kamar mutum guda: in ya yi gyaran murya na tsaya, in ya gyaɗa kai na ci gaba. Ɗinkinsa ya miƙe sambal, mutane na zuwa kallo. Ana cikin haka wani mutumin Icirnawa ya sayi keken hannun, kuma ni na ɗora masa shi kan jaki.

Aka tashi daga lakwal, aka yi noma, aka yi girbi, sai babana ya ce in shirya mu tafi cin rani Kano. Da na je sallama labarin jirgin ƙasan da zan gani na cika Idi da shi. Abu ɗaya ya tambaye ni, yaushe zan dawo. Daga baya na ji Malam Habu ya gwada sa 'ya'yansa su taka wa Idi keken, suka riƙa zillewa. Shi kuma ba zai bar aikinsa ya zama ƙafar wani ba. Bayan sati uku ya ce Idi ya je gida ya huta tukuna.

Da ruwan fari na dawo, ranar kasuwa, na hango Idi gindin tsamiya, na huɗu a layi. Ban ji tausayi ba, ban ji kunya ba, zuciyata kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Na gaishe shi, ya amsa. Na ce masa jirgin ya fi garinmu tsawo, ya ce madalla. Na wuce gida na ci tuwo. Shekara bakwai ya yi a wurin kafin ya samu basilla ya fara ɗinke buhunan gyaɗa da hannunsa, ba ya jiran kowa. Da ita ya yi aure.

Yanzu an sare tsamiyar, guragu na yawo cikin gari bisa kekensu na hannu, wasu makarantu ma har tambayar yaro suke me zai iya yi shi kaɗai. Mu ba mu tambaya ba. Wani lokaci in na ji ƙarar keken ɗinki ƙafata ta dama takan motsa da kanta.

Bara, a sunan jikar Idi, na miƙe cikin mutane ina ba da labarin kajin da suka watse, ina cewa da ba don ni ba da mai gidan nan bai san ramin allura ba. Aka yi ta dariya. Idi ya gama ɓare goronsa, ko kai bai ɗaga ba.

"Gaskiya ne, Garba, ka ara mini ƙafa. Sai dai da za ka Kano ka tafi da abarka."