Hoton Almakashi a Allon Gilashi

Duk wanda ya taɓa ratsa jami'ar da sassafe ya san ƙarar, ko da bai san mai ita ba: ƙyas, ƙyas, ƙyas, daga bayan shingen furanni. Mai ita wani gajeren dattijo ne na sashen lambu, wanda sunansa na gaskiya ya ɓace tun da daɗewa aka bar shi da Almakashi. Ba ya iya ganin ganye ya fita layi ya wuce. In kana masa magana idonsa na kan reshen da ke bayanka, can sai ya ce ka ɗan matsa.

A gida ma haka yake. Ya taɓa daidaita wa matarsa bakin tsintsiya har ta koma ba ta shara, ya datse gezar dardumar ɗakinta wai zaren ba tsayinsu ɗaya ba. Takan ce da ta san almakashi za ta aura, da ta ɓoye gashinta tun ranar farko. 'Ya'yansa maza kuwa, ga su da gemu da iyali, har yau in sun zo gaishe shi ba mai yarda ya cire hula.

Yana saurayi ya shigo jami'ar, lebura mai tura baro. Itatuwan da ya dasa a lokacin su ne yau malamai ke rububin ajiye mota a inuwarsu. Ba a taɓa kama shi da makara ba, ba a taɓa samun shi yana barci a gindin bishiya ba. Abu ɗaya ne ya daɗe yana ci masa rai, shi ma ba ya faɗa.

Ma'aikatan hidima, wato masu shara da masu wanki da direbobi da masu gadi da masu gyaran wuta da famfo da su masu lambu, suna da takardar labaransu da ake fitarwa duk wata. Ana liƙa ta a wani allon gilashi mai kwaɗo kusa da ƙofar kantin ma'aikata. A ciki za ka ji wanda aka ƙara wa girma, wanda aka yi wa haihuwa, wadda aka mayar daga wanki zuwa ɗakunan kwanan ɗalibai, da wanda ya ajiye aiki. Can sama kuma hoton Ma'aikacin Wata, yana murmushin dole. Almakashi yakan ce shi waɗannan abubuwa ba su dame shi ba. Amma duk ranar da aka liƙa sabuwa, shi ne za ka gani yana goge gilashin da hannun riga. Sau ɗaya tak ya taɓa fitowa, shi ma gwiwar hannunsa ce a gefen hoton wani direba. Tsohon abokinsa Mai Fenti bai bar shi ya huta ba, kullum sai ya tambaye shi lafiyar gwiwar da ta riga maigidanta yin suna.

Ana nan sai aka ce manyan baƙi masu duba jami'o'i na tafe. Ma'aikatan hidima sun san dokar irin wannan lokaci ba sai an karanta musu ba: duk abin da ke tsaye a shafa masa fenti, duk abin da ke kwance a share shi. Mai Fenti da mutanensa sukan bi ko'ina su kwance alluna da gajerun shingaye, su kwashe su zuwa ɗakin aikinsu, su fente, su jira su bushe, sannan su mayar. A 'yan kwanakin nan jami'a takan zama ba ta da suna ko ɗaya, sababbin ɗalibai su yi ta shiga ofishin albashi suna neman asibiti.

Mai lambun ɓangaren kimiyya na kwance ba lafiya, sai aka tura Almakashi can, gefen da bai saba shiga ba. Yana zagayawa bayan ginin ɗakunan gwaji ya ci birki. Wani fili ne ɗan madaidaici, ciyawa ta cika shi, wata ta kai masa ƙugu, wata ta kwanta, wata ta fid da kai ta soma bushewa. Ba shinge, ba allo. Sai wasu 'yan turaku a tsakani masu zare kala-kala da rana ta cinye. Ya riƙe haɓa yana tunanin a ce baƙi su leƙo ta taga su ga wannan ƙazanta.

Bai tambayi kowa ba, don a saninsa ba a neman izini kafin a cire ciyawa. Ya tuɓe riga ya shiga. Bai yi yankan sama-sama ba, don yakan ce ciyawar da ba ka tuge saiwarta ba gaisuwa kawai ka kai mata. Ya tuge, ya kafce, ya baje ƙasa, ya tura komai a baro zuwa ramin taki. Turakun nan ya tattara su ya ɗaure da kyau ya jingine a bango, ko mai su zai zo nema. Ya kawo furanni ja da ruwan ɗorawa ya jera, ya kewaye su da duwatsu ya shafa musu farar ƙasa. Yana cikin ban-ruwa mai ɗaukar hoton takardar labarai ya wuce, ya tsaya, ya ce ya ɗan ɗaga butar sama ya dubi nan.

Baƙi suka zo suka tafi. Da wata ya kama, sai ga Almakashi a saman takarda, dukansa, daga hula har takalmi, da bayanin yadda ya mayar da wani kangon fili lambu ba tare da an sa shi ba.

Ranar bai iya cin abinci ba. Washegari ya sa uwar yara ta shirya, ta ɗaura zanenta na fita, ya ɗauko ta a bayan keke har bakin kantin. Lokacin hutun rana ne, masu gadi na miƙa masa hannu, masu wanki na yi wa matar barka, Mai Fenti na cewa to yau dai sauran jiki ya cim ma gwiwa. Uwar yara ta matsa kusa da gilashin ta ce hoton ya yi kyau, sai dai an ƙara masa tsawo.

A gefen allon wata mata ke tsaye da jariri a baya, ta daɗe ba ta motsa ba. Ta dubi hoton, ta dube shi.

"Baba, kai ne wannan?"

"Ni ne, 'yata," ya ce, yana gyara zaman hula. "Ɗan abin da aka iya ne."

"Ciyawar da ka cire, ina ka kai ta?"

Ya ce tana ramin taki, kada ta damu, ko saiwa ɗaya bai bari ba, ba za ta sake fitowa ba.

Matar ta gyara goyonta. Cikin murya ƙasa-ƙasa, kamar mai ba da labarin wani, ta ce ita ɗalibar babban digiri ce a sashen tsirrai, jiya ta dawo daga hutun haihuwa. Ciyawar nan ba tsirowa ta yi da kanta ba. Ita ta yi ta yawo garuruwa masu nisa tana tsinto irinta, kowane layi daga wuri daban, don a gano wadda ta fi jure rashin ruwa. Zaren da ke jikin turakun shi ke nuna wace ce wace. Shekaru take renonsu, bana ne za ta tara irin ta auna ta rubuta ta gama. Akwai shinge, akwai allo, ta bar su a tsaye ta tafi.

Hayaniyar bakin kantin ta mutu. Almakashi ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da ta zage shi, da ya sami abin riƙewa. Amma ita ce ma ta ce, "Ba komai, Baba. Ba ka sani ba." Uwar yara ta ja mayafi ta rufe rabin fuska tana kallon takalmanta.

Ya kai ta ramin takin. Ciyawar ta riga ta ruɓe ta haɗe da ganyen mangwaro da ɓawon kayan miya na kantin. Nan da can wasu 'yan tsirrai sun leƙo. Ya ɗan ji sanyi a ransa, ya nuna mata su da sauri. Ta tsuguna ta taɓa ɗaya da yatsa, ta girgiza kai ta ce yanzu ko ita da ta rene su ba za ta iya cewa wannan daga ina yake ba, in kuwa ba a san asalinsa ba, ciyawa ce kawai.

Daga nan ofishin shugaban sashensu ya nufa, ya roƙi a cire hoton. Shugaban ya ce abin bai yi daɗi ba, amma laifin na kowa ne, ba wanda za a hukunta. Hoto kuma ba a cire shi sai ƙarshen wata, haka tsarin yake, balle ma baƙin sun yaba wurin ƙwarai. Wannan yabo ya fi komai ƙona shi.

Da yamma Mai Fenti ya ja shi ɗakin aikinsu. A bayan ƙofa ga allon a jingine, an manta ba a mayar ba, fentinsa sabo yana sheƙi: filin bincike ne, kada a taɓa. Suka tsaya suna kallonsa. Tun da suke, ranar ce kaɗai Mai Fenti ya rasa abin tsokana.

Almakashi ya kwanta a gida ya ce bayansa ke ciwo. Bai iya tunanin ya bi ta gaban kantin ba, ga shi can a gilashi yana ɗaga buta yana washe baki a kan kabarin aikin 'yar mutane. Ya tuna duk wanda ya taɓa yi wa faɗa kan aikin ganganci. Ya ce wa uwar yara shi kam ya gaji, zai rubuta takardar ajiye aiki, dama shekaru sun ja.

Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce garin neman gira ya rasa ido, wannan kowa ya gani, har da ita da aka ɗauko a keke don ta gani. Amma in ya ajiye aiki yanzu, takardar wata mai zuwa za ta ce ya yi ritaya cikin yabo, a haɗa masa shayi a tafa masa.

"Za ka iya shan wannan shayin, Malam?"

Ya juya fuskarsa bango.

"To tashi. Bayanka lafiyarsa ƙalau, fuskarka ce ke ciwo, ita kuwa kwanciya ba ta warkar da ita."

Ya tashi, ya bi ta doguwar hanya, ta bayan gidan wanki, don kada ya haɗu da kansa a gilashi. Ya tarar da ɗalibar a bakin filin, an mayar da allon, tana tsaye tana kallon furannin. Sun kama sosai, sun yi kyau abin haushi. Ta ce ta zo ta cire su ne amma hannunta ya ƙi.

Ya tuɓe riga. Ɗaya bayan ɗaya ya tuge furanninsa, ya kwashe fararen duwatsun ya tara a gefe. Bai taɓa aikin da ya yi masa nauyi irin wannan ba, bai kuma taɓa wanda ya rage masa nauyi irinsa ba. Da ya gama ya tambaye ta ko akwai sauran dabara. Ta ce tana da ɗan ragowar iri na wasu layukan da ta ajiye tun farko, ba duka ba. Sai ta soma daga tushe, ta nemi a ƙara mata lokaci, in an yarda. Ga jariri, ga karatu, ba ta san wanda zai riƙa duba mata wurin kullum ba.

Ya ce in za ta amince, shi.

Ta dube shi, ta dubi abin da ke leƙowa daga aljihunsa. Karon farko bakinta ya ɗan motsa.

"Ban da wannan, Baba. Ko ciyawar ta kai rufin ɗaki, ko ta kwanta a hanya, ba a taɓa ta."

Ya zaro almakashin ya juya shi a hannu. Da ya koma gida ya miƙa wa uwar yara ya ce ta ajiye. Ta ce Allah ya kawo ranar da tsintsiyarta za ta huta.

Wata ya ƙare, aka sa hoton wata mai wanki a gurbinsa. Can ƙasan takardar, tsakanin sanarwar gyaran famfo da ta'aziyyar wani mai gadi, layi ɗaya ya ce an mayar da shi filin bincike na sashen tsirrai bisa roƙonsa. Mai Fenti ya dawo hayyacinsa, yanzu Sarkin Ciyawa yake kiransa, in ya wuce ya tambayi lafiyar talakawa.

An ƙara wa ɗalibar lokaci, amma layukan da suka ɓace sun ɓace. Gurabensu na nan fayau a tsakiyar filin, kullum da safe sai ya ratsa su da butarsa. Sauran sun tashi yadda suka ga dama, wata ta karkace, wata ta tsallaka layin maƙwabciyarta. Yakan tsaya a kansu hannuwa biyu a baya, ɗaya riƙe da ɗaya, yatsunsa na motsi su kaɗai.

Kwanan baya wani sabon jami'i ya zagayo da takarda a hannu, ya tsaya a bakin shingen ya yamutsa fuska, ya tambayi wane malalaci ne ke kula da wurin nan. Almakashi ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Ya ajiye butar, ya matso ya tsaya tsakanin mutumin da ciyawar.

"Ni ne, ranka ya daɗe. Karanta allon tukuna."