Kujerar Koci Mabry

Duk wanda ya buga wa kwalejin garinmu ƙwallo, irin wadda ake sa hular kwano ana jefawa da hannu, cikin shekaru tara da suka wuce, in ka ambaci Odessa Tubbs a gabansa sai ya ja tsaki kafin ya amsa. A gaban idonta "Mama Odessa" suke cewa, har da cire hula. Tana juya baya ta koma Ungulu. Ta san da sunan sarai, ko a jikinta.

Shekara ashirin da shida ta yi tana tuƙa motar 'yan makaranta a ƙauyukan da ke bakin gonakin auduga na Mississippi, kuma a madubin motar nan ta koyi gane yaro daga kunne ɗaya ko gefen ƙeya. Da gwiwa ta fara damunta ta ajiye tuƙi, kwaleji ta ɗauke ta aikin da babu mai so: ta bi aji aji da allon rubutu a hammata, ta tabbatar kowane ɗan ƙwallo yana zaune a layuka ukun gaba, idonsa a buɗe. Yaran sun gwada mata dabara iri-iri. Wani ya zauna minti biyar, tana wucewa ya sulale. Sai ta koma zuwa sau biyu, kuma ba ta taɓa dawowa a lokaci guda ba. Mijinta ya daɗe da rasuwa, Allah bai ba ta haihuwa ba. Abin da take da shi a duniya yayarta ce Verlene, da ɗan Verlene ɗin, Dontrell, wanda a cinyarta ya girma.

Shekara huɗu ke nan da zuwan Koci Dwight Mabry, dogo, jajir, mai wuya kamar na bijimi. Da kujera ya zo, wata tsohuwar kujerar ƙarfe mai naɗewa. Dokarsa ita ce, ɗan wasan da ya yi fashin aji, ba shi za a wahalar ba. A tsakiyar fili za a kafa masa kujerar nan da ƙarfe uku na rana, a miƙa masa ruwa mai ƙanƙara, ya faɗi laifinsa da ƙarfi kowa ya ji, sannan ya zauna yana sha yana kallon 'yan'uwansa suna hawa da sauka a matakalar 'yan kallo, da hular kwano da kayan wasa a jikinsu, har wasu su yi amai. Ba ya tashi sai waɗanda suka sha wahala dominsa sun ce masa ya tashi. Ranar da ya zauna zama na uku kuwa, daga kujera sai gida, tallafin karatu ya tafi.

"Ba ni da ɗan lele," in ji Koci ranar da ya kafa dokar, yana dukan ƙirji. "Ko ɗan cikina ne."

Odessa na tsaye a bakin fili, har ranta ta ji daɗi. Ta ce ga namiji ya zo. Wauta ce, amma wa zai ga laifinta? Mu ma duk mun tafa masa.

Dontrell yana cikin ƙattin da ke tare gaba, sai dai ba a cika sa shi a wasa ba. Yaro ne mai sanyi, mai nauyin barci, ya riga ya zauna kujera sau biyu. Ran wata Laraba motar da ke kai Verlene wankin ƙoda ba ta zo ba, ya ɗauki uwarsa ya kai ta da kansa, ajin ƙarfe tara ya wuce shi. Odessa ta leƙa, ba shi. Ta dawo, ba shi. Ta san inda yake, don ita ma an buga mata waya. Ta tsaya a baranda, sannan ta ja wa sunansa layin fashi. A zatonta in Koci ya ji dalili zai sassauta.

"Kowa da dalilinsa, Madam Tubbs," Koci ya ce mata. "In na buɗe ƙofar dalili, wa zai rage a aji?"

Minti arba'in Dontrell ya yi a kujera, hawaye na ɗiga cikin kofin ruwan. Yanzu yana masana'antar tarwaɗa a bayan gari, yana feɗe kifi daga safe zuwa yamma. Verlene ta kwashe Littafinta da maficinta daga bencin da suka yi shekara talatin suna zama tare a coci, ta koma can ɗaya gefen. Shekara biyu ke nan ko gaisuwa ba ta haɗa su ba. Abu ɗaya ke riƙe da Odessa: kullum tana gaya wa kanta doka ce, kuma dokar ta kowa ce. Ranar da wannan ya zama ƙarya, to, ta yanka ɗanta ne a banza.

Sai ga makon babban wasa da kwalejin ƙetaren kogi, waɗanda suka yi shekara biyar suna lallasa mu. Duk fatan gari ya rataya a hannun Cortez Womack, mai jefa ƙwallo, yaron da hotonsa ke manne a kowane shagon aski. Gwani ne, babu musu, kuma ya san shi gwani ne. Shi ma ya zauna kujera sau biyu, yana kaɗa ƙafa yana neman ƙarin ƙanƙara.

Ran Alhamis da safe Odessa ta leƙa ajin tarihi ta gilashin ƙofar baya. Ga riga mai hula mai lambar Cortez a layi na biyu, an ja hular har goshi. Ta dubi kafaɗun, ta dubi hannun da ke rubutu, na dama ne. Cortez bahago ne. Ta tura ƙofa ta shiga, malami na tsaka da magana, ta sa yatsa biyu ta janye hular. Wani abokinsa ne da ko ƙwallo ba ya bugawa.

"Sannu, Cortez," ta ce. "Ka yi haske kwana biyu."

Aji ya fashe da dariya. Ta ja layi ta fita.

Kafin sha biyu aka ce Koci na nemanta. Ta tarar da shi ya ɗora ƙafafu kan tebur, takardarta a gabansa, kofin shayi mai ƙanƙara a gefe. Bai ce ta zauna ba.

"Madam Tubbs, shekarunki nawa yanzu?"

"Sittin da uku. Kana shirya mini biki ne?"

"Ido yakan gaji. Ba abin kunya ba ne. Ga sabuwar takarda, ki gyara, ki sa hannu."

"Idona ƙalau, Koci. Mutum arba'in suka ga abin da na gani."

"Yaron ya kwana da ciwon kai. Likitanmu zai rubuta."

"Au, an buɗe ƙofar dalili ke nan? Yaushe aka yi, ban ji ba?"

Ya sauke ƙafafunsa. Wuyan nan ya ƙara ja. "Ke, saurara. Mutum dubu goma sha biyu za su cika filin nan jibi. Ba allonki suka zo kallo ba. In muka sha kashi, ni za a kora, da mataimakana takwas da iyalansu. Kina so ki ɗauki wannan a kanki?"

"Ai na saba da ɗauka. Dontrell Gaines fa? Ka tuna shi?"

Nan ne Koci ya yi kuskuren da har gobe ba ta yafe masa ba. Ba zagi ya yi ba, ba tsawa ba. Ido ya runtse yana ƙoƙarin tunawa da gaske.

"Wane ne?" ya ce.

Odessa ta juya. Ta bar masa takardarsa ta fita. Shekara biyu tana cin abinci ita kaɗai ran Lahadi saboda mutumin da ko sunan yaron bai riƙe ba. Ta tsane shi, amma ba kamar yadda ta tsani kanta ba.

Ƙarfe uku aka fito atisaye. Babu kujera a fili. Cortez na jefa ƙwallo yana ba'a da abokansa, da ya hango ta har da ɗaga mata hannu. "Mama Odessa, a canza gilashi mana!" Ta yi kamar ba ta ji ba. Ta wuce ɗakin ajiyar kaya, ta ciro kujerar daga bayan buhunan ƙwallo, ta jawo ta tana ɗingishi har tsakiyar fili. Ta buɗe ta, ta ɗebi ruwan ƙanƙara a kofin takarda, ta zauna.

Kowa ya juyo yana kallonta.

"Ni ce Odessa Tubbs," ta ce, da muryar da ta yi shekara ashirin da shida tana tsawata wa yara a mota. "Laifina shi ne, wancan mutumin ya ce ba shi da ɗan lele, na yarda. Na ja wa ɗan yayata layi ranar da ya kai uwarsa asibiti. Yau Cortez ya yi fashi na uku, ga shi can yana dariya. Laifina ke nan, wauta."

"A fitar mini da matar nan!" Koci ya daka tsawa.

Sai dai shekara huɗu ya yi yana cusa musu abu ɗaya a ka: in mutum ya zauna a kujera ya faɗi laifinsa, sai matakala. Booker Hargett, babban ƙaton masu tare gaba, wanda ya yi amai sau biyu ranar Dontrell, ya tofar da robar bakinsa, ya ɗaure hular kwanonsa, ya nufi matakala a guje. Biyu suka bi shi, sannan biyar. Kafin ka ce me, mutum ashirin da wani abu suna hawa suna sauka, ƙarar takalmansu ta cika fili. Koci na busa usur har jijiyar goshinsa ta fito.

"Ku sauko, 'yan banza! Za ku kashe ƙafafunku jibi wasa! Hargett, ka sauko ko ka kwashe kayanka!"

Booker ya tsaya can sama yana haki. "Yallabai, ai kai ka ce ba a tsayawa sai an gama!"

Cortez dai ko motsi bai yi ba, ƙwallo na hannunsa, yana kallon ƙasa.

Masu gadi biyu suka zo suka raka Odessa har wajen motarta. Aka karɓe allon da katin aiki. Kujerar kuwa ta riƙe ta gam, babu wanda ya yi ƙarfin halin ƙwacewa daga hannun tsohuwa, ta jefa ta bayan akori-kurarta. Ran Asabar Cortez ya buga wasa, muka ci da tazarar maki uku, gari ya ɗauki ihu. Kada ku ce mun ji kunya, ba mu ji ba. A shagon aski cewa aka yi tsohuwar ta haukace, ta so ta ja mana asara. Booker kuwa a benci ya ƙare kakar wasan.

Ran Lahadi bayan coci ta tuƙa zuwa gidan Verlene. Ƙamshin soyayyen kifi da miyar kuɓewa ya tare ta tun daga titi. Ba ta ƙwanƙwasa ba. Ta kafa kujerar a tsakar ciyawar gaban gida, cikin rana, ta zauna da kayan cocinta, jakarta a cinya.

Can Verlene ta fito baranda da sandarta. Ta rame, ta yi duhu. Ta daɗe tana kallon ƙanwarta.

"An ce kin yi wasan kwaikwayo a fili."

"Yaya, na zo in faɗi laifina."

"Na san laifinki, ba sai kin faɗa ba. Da suka taɓa aikinki ne kika tuna kina da ɗa?"

"Ba haka ba ne, Yaya."

"Minti nawa kika yi a kujerar tasu?"

"Bai kai goma ba."

"Nawa ya yi arba'in. Kuma shi da ya tashi bai tarar da komai ba." Ta juya za ta shiga, ta waiwayo. "Ba ni zan ce ki tashi ba. Ba ni kika kora daga makaranta ba."

Ƙofar raga ta rufe. Odessa ta ci gaba da zama. Gumi ya jiƙa mata wuyan riga, gwiwar ta fara zogi, maƙwabta na leƙe ta labule. Minti arba'in suka wuce, awa ta wuce.

Wajen ƙarfe uku Dontrell ya dawo daga aikin Lahadi, da takalmin roba har gwiwa, ƙarnin kifi na binsa. Ya ƙara ƙiba, hannayensa duk tabon wuƙa. Ya tsaya cak da ya ga kujerar. Ya san ta, har da inda fentinta ya kankare.

"Dontrell," ta ce. "Ɗana."

Ya wuce ta. Ya shige gida. Ta ji ƙarar buɗe firji, ta ji ƙanƙara na faɗawa cikin kofi. Ya fito ya tako har gabanta, ya sa mata kofin a hannu, ya gyara mata yatsu a kai don kada ya zube.

"Sha, Anti," ya ce a hankali. "Haka dokar take."

Ta ɗaga kai tana jiran kalma ɗaya, ya ce mata ta tashi. Ya juya ya hau baranda, ya cire takalmansa ya jera su a bakin ƙofa, ya shiga.